Ɗan Inna Ya Tambaye Ni Da Turanci

Ni dai ban taɓa kiran sunan ɗana na fari ba, kuma ba yau zan fara ba don na riƙe alƙalami. A garinmu, wani ƙauye da ke bayan Makoda, mace ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai ta bar wata ta ɗaga shi. Ana yaye shi uwar mijina ta goye abinta ta shige sashinta da shi, shi ke nan ya zama nata. Ita yake kira Inna. Ni kuwa in magana ta kama dole sai na ambace shi, sai in ce "ɗan Inna" ko "yaron nan". Yaran yanzu in sun ji wannan sai su riƙe baki, wai zalunci ne. Oho musu. Mu haka muka taras, kuma ba wanda ya ce kada mu so 'ya'yanmu. An dai ce mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Abin da ya raba ni da sauran matan garin shi ne aikina. Ni ce malamar Turanci a firamaren garinmu, tun ina da ƙuruciyata har na yi ritaya. Kowa ya san bakina. Na sha wanke hedimasta tas a gaban malamai, na sha tare magidanci a hanyar gona a kan ya hana ɗansa zuwa makaranta saboda noma. Amma in na hangi ɗan Inna yana tahowa a lungu, ni da wannan bakin nawa, sai in sunkuyar da kai in nemi abin da zan gyara a jikin zanena.

Sai ga shi wata shekara ya shigo ajina. Ranar na rasa inda zan sa kaina. Rajista ma monita na miƙa wa na ce ya riƙa kiran suna, wai maƙogwarona ke ciwo, kuma maƙogwaron nan bai warke ba har shekara ta ƙare.

A cikin ajin nan ne na gano wani abu: Turanci ba shi da kunya. Da Hausa ba zan iya duban yaron nan in ce masa "kai" ba. Da Turanci kuwa sai in nuna shi da alli in ce, "You, stand up," ya miƙe, in yi masa tambaya, ya amsa, in ce, "Very good." Ba wanda zai ce na yi rashin kara, aiki nake yi, gwamnati ce ta sa ni. Wallahi ranar da na fara ce masa "Very good" sai da na juya na kama goge allon da ba a rubuta komai a kansa ba. Shi ma ya bi sahun sauran yara yana ce mini Malama. Sunan ya biyo ni har gida, kuma har yau da shi yake kirana.

Darasin da ya fi ba ni wahala, kuma wanda na fi jin daɗin koyarwa, shi ne na kalmomin zaɓi. Ba kalmomin ne masu wuya ba. Yaranmu ne ba a rene su da zaɓi ba. Yaron da ya miƙa hannu ya zaɓi tsoka a kwanon miya ya san abin da zai biyo baya, ranƙwashi ne. Nakan zo aji da gyaɗa a hannu ɗaya, aya a ɗaya hannun, in tsaya a gaban yarinya in ce, "Which do you prefer?" Wato wanne kika fi so? Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Duk wanda kika ba ni, Malama." In ce ba rabon sadaka nake yi ba, tambaya nake yi. Ta ce, "To, duk ɗaya ne." Haba! Ta yaya gyaɗa da aya za su zama ɗaya? A hankali na fahimci cewa kafin in koya musu kalmar "prefer" sai na fara koya musu abin da iyayensu ke kira rashin kunya.

Nakan ce musu "choose" aikin hannu ne, ka miƙa ka ɗauka. "Prefer" aikin zuciya ne, kuma zuciya tana iya yin nata hannu bai motsa ba. Mutum yana iya ɗaukar aya alhali gyaɗa ya fi so, don kawai ƙaninsa ya zuba wa gyaɗar ido. Ita kuwa "would rather" da gara ɗinmu nake haɗa musu ita, irin na mai cewa gara zazzaɓi da ciwon haƙori. Kullum sai an sami mai cewa "prefer than". In ce masa ita wannan kalma "to" take aure, ba ta san wani "than" ba, kada ya haɗa ta da wanda ba mijinta ba. Su yi ta dariya, gobe su sake.

Ranar da na koya musu "favourite", wato wanda ka fi so a cikin duka, wata yarinya mai kaudi ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, who is your favourite pupil?" Jimlar ta fita daidai, ba inda zan kama ta. Na nuna wani yaro da ke can baya, wanda ko sunansa ba ya iya rubutawa, na ce shi ne. Aka kwashe da dariya. Ɗan Inna bai yi dariya ba, yana ta kankare bakin tebur da farce. Ƙarya ɗaya ke nan da na san na yi a gabansa da Turanci, kuma ya san ƙarya ce, don haka ba ta shiga lissafi ba.

Uwar matsala dai ita ce "Would you mind". Bature in yana neman izini cikin ladabi ba ya cewa ka yarda in yi kaza? Sai ya zagayo ta bayan gida ya ce, "Would you mind if I sat here?" Ma'anarta, zai dame ka in na zauna a nan? To in ka yarda ya zauna, amsarka "No" ce, wato a'a, ba zai dame ni ba. In kuwa ka ce "Yes", ka ce masa e, zai dame ni, kada ka zauna. Ina Bahaushe ina wannan? Baƙo ya nemi wurin zama ka buɗe baki ka ce masa a'a? Duk yaron da na yi wa tambayar sai ya washe baki ya ce "Yes", yana matsawa gefe a kan benci. In ce, "Ka kore shi fa!" Ya ce, "Wallahi Malama ban kore shi ba."

Ɗan Inna ne ya fara kamawa, da ya kama kuma sai ya mai da abin wasa. Duk wanda ya zo bencinsu ya yi tambayar, sai ya ce masa "Yes", ya baje ƙafafu ya cinye wurin, ya bar mutum a tsaye yana zare ido. Na tsawata masa, amma a raina na ce ja'iri, wannan kan ba a ƙasa ya tsince shi ba.

Shekaru suka tura. Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Bayanta mijina, wanda malamin gona ne, ya kwanta ciwon 'yan kwanaki shi ma ya bi ta. 'Yan matan da na haifa bayan ɗan Inna aka kai su ɗakunansu, ɗaya a wajen Rimin Gado, ɗaya a cikin birni. Gidan da a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda hayaniya ya koma daga ni sai awaki. Garinmu ba daji ba ne. Gona kan gona, gida kan gida, in maƙwabciya ta yi atishawa ina ji ta katanga. Mutane ba su ƙare ba, wanda zan yi wa magana ne babu. Ban san yadda zan bayyana wannan ga wanda bai ɗanɗana ba. A wuni ana sallama ana fita, mai aron rariya, mai kawo cikiyar tunkiya, amma in na zauna cin tuwo har ƙarar haɗiyata nake ji. Kewa ta dame ni ƙwarai, kuma ba wanda zan gaya wa, don za a ce ga dangi ko'ina me ya hana ni shiga cikinsu.

Shi kuwa ɗan Inna ya bi sawun ubansa, ya karanci ilimin ƙasar noma a jami'a. Ya kama haya a Rijiyar Zaki da matarsa da 'yar ƙaramar 'yarsu, yana koyarwa ta wucin gadi a jami'ar. Duk Asabar sai ya hau babur ya zo duba gonar gado. Haka ake faɗa, duba gona. In ya shigo ya tarar da mutane, ya durƙusa daga nesa ya ce, "Malama, ina kwana?" In ce, "Lafiya," ina kallon wani wuri. Shi ke nan gaisuwar uwa da ɗa ta ƙare. Amma da gida ya yi shiru sai ya juya harshe. Da Turanci yake ba ni labarin ɗalibansa, da Turanci nake gaya masa gwiwata ta matsa mini, da Turanci muke musu a kan takin zamani da na dabbobi. Har dariya muke yi. Ko wani ya faɗo ya tarar da mu, cewa zai yi malamai suna abin nasu. Muna da wata doka da ba wanda ya taɓa furta ta a cikinmu: Hausa ta kara ce, Turanci na gaskiya. Abin da aka faɗa da Turanci haka yake, ba a tona ƙarƙashinsa.

Ba zan ɓoye ba, Asabar ɗin nan ita ce makona gaba ɗaya. Tun Alhamis nake neman zogalen dambu, da yake shi ya fi so. In maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Malama, yau ma dambu?" sai in ce ni ce nake marmari. Ta ce, "Wannan marmari naki da ya san ranakun mako." In ce ta tafi ta ba ni wuri.

Ana cikin haka, a wata kaka, lokacin cirar gyaɗa, aiki biyu suka zo masa a tare. Ɗaya a nan jami'ar da yake, na dindindin. Ɗaya kuma a wata ƙasar Turawa mai sanyi, can bayan teku, bincike ne na shekaru, kuma da iyalinsa zai tafi. Kowa ya san irin wannan tafiya. Ana cewa 'yan shekaru ne, sai ka wayi gari jikokinka ba sa jin Hausa.

Ya kai maganar gaban Baffansa, ƙanin mijina, wanda shi ne babba a gidan yanzu. Aka aiko kirana, na je na zauna daga gefe a bakin ƙofa. Baffa mutumin kirki ne, amma tunda ya ji an ambaci jirgi ya riga ya gama zaɓe. Ya yi ta kawo misalin 'ya'yan wane da wane da suka fita suka gina wa iyayensu gidan siminti. Da ya gaji ya juyo ya ce, "Malama, ke me kika gani?"

Yo me zan gani? A gaban ƙanin miji, a kan ɗan fari? Na ce, "Allah ya zaɓa masa abin da ya fi alheri." Kowa ya shafa. Addu'a ce mai kyau, kuma da zuciya ɗaya na yi ta, amma Allah ya sani akwai abin da na fi so, kuma ba gidan siminti ba ne.

Na gwada dabara ɗaya. Bayan kwana biyu na tare Baffa na ce ni abin da nake tunani gonar marigayi ce, in yaron nan ya tafi wa zai riƙa duba ta? Ya ce, "Haba Malama, ina raye? Ga yarana nan kamar su yi magana, gona ba za ta kwana ba." Na yi masa godiya. Na dawo gida ina cewa kaina, ke da kika ƙare ƙuruciyarki kina dukan tebur kina cewa yara su buɗe baki su faɗi abin da suka fi so, to ga naki ya zo, sai mu gani.

Asabar ta zagayo. Bayan la'asar ina gindin ɗorawar da ke bayan gida, inda aka jibge gyaɗar da aka ciro, ina tsigewa ina jefawa a kwando, harawar ina turawa gefe saboda awaki. Matan da ke taya ni sun tafi ɗora girki. Ya zo ya zauna a kan wani tsohon turmi da ke kife, ya jawo dami ɗaya ya fara tsiga. Can a hanya wani yana kora jaki da mangala.

Sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Malama, would you mind if I went?"

Na san tambaya tana tafe, ƙofar da ya biyo ce ban zata ba. Da da Hausa ya tambaye ni, da na sake ba shi addu'a. Da ya ce wanne na fi so, da sai na gina jimla guda, kuma na san muryata ba za ta kai ƙarshenta ba. Amma wannan tambayar kalma ɗaya tak take nema. Zai dame ki in na tafi? Na ce a raina yaron nan ya tausaya mini, ya tuna ajinmu, ya kawo mini wadda zan iya amsawa.

Na dubi gyaɗar da ke hannuna na ce, "Yes."

Tunda na haife shi ban taɓa gaya masa gaskiya mai nauyin wannan ba. E, zai dame ni. E, kada ka tafi. Duk abin da na haɗiye tun ranar da Inna ta goye shi yana cikin 'yar kalmar nan, kuma na faɗe ta daidai, yadda littafi ya ce.

Hannunsa ya tsaya, na gani da gefen ido. Sannan ya ɗago da fara'a ya ce, da Hausa, "Na gode, Malama. Allah ya ƙara girma. Da ma na san ba za ki hana ni ba."

Kafin in haɗa abin da kunnena ya ji sai ga Baffa ya ɓullo a kan kekensa daga gona. Ɗan Inna ya miƙe ya tare shi ya ce, "Baffa, Malama ta amince." Baffa ya sauka yana ta sa mini albarka, wai ba kowace uwa ce za ta iya ba. To me zan ce? In ce Baffa dakata, an yi kuskuren nahawu? In fassara masa da Hausa cewa ni, da bakina, a gabansa, ina roƙon ɗan fari ya zauna kusa da ni? Na ce, "Allah ya sa a dace," na ci gaba da tsigar gyaɗa.

Haushi ne ya riga baƙin ciki zuwa. Kuma ba haushinsa na ji ba, haushin birni na ji. Na ce Turancin birni ne ya lalata mini yaro. Don in tabbatar sai na shiga gwada mutane. Sabon malamin da aka kawo firamare, mai digiri, ya zo gaishe ni da littafi a hannu. Na ce, "Would you mind if I looked at your book?" Ya ce, "Yes, Ma," ya miƙo mini da hannu biyu. Mijin 'yata na birni ya zo, shi ma na ɗana masa, shi ma ya afka. Na ce tirƙashi, ashe annoba ce. In haka masu digiri suke amsawa, shi da yake kwana yana tashi a cikinsu ai dole kunnensa ya koma irin nasu. Mantawa kawai ya yi. Wannan tunani ya riƙe ni sosai, don mantuwa ba laifi ba ce, kuma ana gyara ta.

Na shirya gyaran. Ai ni malama ce, gyaran kuskure aikina ne, ba wanda zai ce na yi rashin kunya. Na tanadi jimlata: "I would rather you stayed." Wato gara ka zauna. Ina shara ina maimaita ta, ina ba awaki dusa ina gaya musu. Har na tsaya ina mamakin Turawa da suka sa aikatau ɗin jimlar a sigar abin da ya wuce, alhali abin bai ma faru ba. Na sha koyar da haka ban taɓa tambayar dalili ba.

Amma zuwan da ya riƙa yi bayan nan ba irin na da ba ne. Yanzu da motar aro yake zuwa, da matarsa da 'yarsu, ana bin dangi ana sallama. Matar yarinya ce mai hankali, tana ta murna, tana tambayata yadda ake adana daddawa ta daɗe ba ta lalace ba. Jikar tana hawa cinyata tana gaya mini za ta ga ƙanƙara tana zubowa daga sama, wai za ta ɗebo mini a kwano. Ita wannan ina da ikon in rungume ta in kira ta kishiyata in tsokane ta son raina, kuma na yi. In gida ya ɗan yi shiru na gyara murya zan fara, sai ya tuna akwai wanda bai gaisar ba, ya miƙe. Na lura tun ranar ɗorawa bai sake yi mini Turanci ba. Na ɗauka hidima ce ta yi masa yawa.

Ranar tafiya da hantsi suka zo sallamar ƙarshe, daga nan sai filin jirgi. Gida ya cika. Uwa ba ta raka ɗan fari, don haka da na damƙa wa matar ƙullin kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da ƙuli-ƙuli sai na shige ɗaki. Ina zaune a bakin gado ina jin ana buɗe mota ana rufewa, jimlata tana bakina. Na ce yau ko ana ha-maza-ha-mata sai na faɗe ta. Wa ya sani? Mutum yana iya fasa tafiya ko da ƙafarsa tana bakin jirgi.

Ya yi sallama ya ɗaga labule, ya durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda ya saba. Shi kaɗai ne. Na ja numfashi zan fara, sai ya riga ni, kuma da Hausa ya yi maganar, murya ƙasa-ƙasa.

"Malama, akwai abin da ba na so in tafi da shi a raina. Ranar nan a gindin ɗorawa, na gane amsarki."

Na ce, "Wace amsa?"

Ya ce, "Ban manta darasin ba. Na san abin da 'Yes' take nufi a wurin nan. Na zaci 'No' za ki ce, ki yi mini kara kamar yadda kika saba, in tafi hankalina kwance. Da kika faɗi gaskiya sai na rasa yadda zan yi. In na nuna na gane ba zan iya tafiya ba, kuma ina son tafiyar nan, Malama. Ina sonta ƙwarai. Ki yafe mini."

Ka ji fa. Duk makonnin nan ina zagin birni, ina ɗana wa bayin Allah tarko, ashe ɗalibina bai manta komai ba. Ya ji ni sarai. Ya auna, ya ɗauki wanda ya fi so, ya kuma buɗe baki ya faɗa ba kunya, yadda na koya masa. Jimlar da na tanada ba ta da sauran amfani, don an yi ta ne saboda wanda bai ji ba.

Na dube shi sosai, ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba in ba a cikin aji ba. Ashe har furfura ta fara fito masa a gefen kunne. Na so in yi masa faɗa, irin wanda na saba yi wa kowa, in ce don me bai bar ni da zaton da nake yi ba, me na tsare masa da zai zo ya ƙwace shi a ranar tafiya? Ya yi mini ciwo. Mutuwar ubansa ma ba ta yi mini irin wannan ciwon ba, don shi uban ba shi ya zaɓa ba.

Direba ya danna ham a ƙofar gida. Na ce, "Na yafe maka duniya da lahira. Tashi, kada jirgi ya bar ku."

Ya ɗan jira ko zan ƙara wani abu. Ban ƙara ba. Ya miƙe ya saki labule.

Da ƙarar motar ta ɓace sai matan da suka yi rakiya suka cika mini ɗaki, wasu suna share hawaye. Matar Baffa ta dube ni ta ce, "Kai, Malama, ke dai akwai kara! Ko gezau. Mu nan muna ta kuka, ita ko a jikinta." Suka yi ta yabona. Na kawo musu ruwa da ragowar ƙuli-ƙuli, na ce ai neman ilimi ne, wa zai hana. Suka ce haka ne.

Da suka watse na je na rufe ƙofar gida, rana ko tsakiya ba ta yi ba, na dawo na zauna a ƙasa, a inda ya durƙusa.